Waken Inna a Gwangwanin Mai

Tasawa, 2 ga Disamba 1984

Zuwa ga ƙanwata Hindu,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da yara.

Wannan kaka shekara goma sha ɗaya ke nan da dattawan garinmu Kona suka zauna a zauren Baba, ina can gabas ina auna gonakin mutane, suka ba ƙanenmu Dauda garka, lambun rani, da rijiyarta, ni kuma suka ba ni tudun da ko ƙarangiya sai ta yi shawara kafin ta fito. Suka ce Maharazu ɗan lakwal ne, ya yi boko, malamin gona mai albashi, me zai yi da rijiya? Bayan shekara uku masu kaki suka karɓe albashin, don na rubuta a rapor, rahoton aiki, cewa irin gyaɗar da aka raba wa talakawa matacce ne. Albashi ya tafi, rijiya ba ta dawo ba. Na tuna miki wannan ne don kin ce wa Mai Nasara direba in gai da Dauda in ya shigo kasuwa. Ban gaishe shi ba, kuma kada ki sake aiko ni.

Goran Inna ya iso. Mai Nasara ya riƙo shi a cinya tun daga Mayahi, ya ce kin yi masa rantsuwa uku kafin ki sake shi. Na duba bakinsa, lakar da kika liƙe shi da ita ba ta tsage ba. Na girgiza, na ji waken iri yana motsi cikin toka. Na rataye shi a ɗakina, saman gado, inda ɓera ba ya kai. Ba ki faɗi dalilin da ya sa kika rabu da shi ba. Tun da Inna ta rasu ban taɓa jin goran nan ya kwana wani gida da ba naki ba.

Labarin nan babu sabo. Mutanen arewa sun cika bayan gari da bukkoki. Fulani suna sayar da saniya kuɗin da bara ba ya sayen tunkiya. Ana rabon jar dawa da man gwangwani, mai hoton hannu biyu suna gaisawa. Nakan shiga layi tare da mutanen da na koya wa tazarar shuka, su ce mini Mushe, wato malam a bakin Faransa, in ce na'am, mu ci gaba da tsayuwa.

Matata Safi ba ta jin daɗi. Jar dawar nan ba ta zama a cikinta. Dasashinta yana jini, kuma in magariba ta yi ba ta ganin ƙofar ɗaki sai ta lalaba bango. Na kai ta likita. Majo, babban malamin asibitin, ya ce dundumi ne, ta nemi ɗanyen ganye. Na tambaye shi a wace ƙasa. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ki gai da yara. Ko an ji labarin mijinki Isufu tun da ya tsallaka kudu?

Yayanki,
Maharazu


Mayahi, ranar kasuwa

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Alkasim mai rubuta takarda a bakin tasha shi ke rubutawa, ni Hindu ni ke faɗi, kuma na ce mishi kada ya gyara mini magana.

Yaya, kai da rijiyar nan! In an tashi kiyama kowa na neman inuwa, kai za ka tsaya kana tambaya wa ya raba garka. To na ji, ba zan ƙara aiken ka ba.

Ka tambayi dalilin gora. Isufu shiru, iyaka a rufe, ban san ko yana Katsina ko yana ƙasa ba. Gidanmu an cinye irin hatsi tun kafin sanyi ya shigo. Anza ta daji muke jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, yara na tonon gidan tururuwa. Ba mutanen gidan nike tsoro ba, Yaya, hannuna nike tsoro. Ran nan ƙaramar ɗiyata ta yi kuka har muryarta ta ɗauke, sai na tsinci kaina tsaye gaban goran da muciya a hannu zan fasa shi. Shi ya sa na fitar da shi. Ku biyu ne kai da Safi, babu yaro mai kuka a gidanku, kuma kai ka yi karatun iri har da takarda.

Ka san waken nan. Fari ne mai baƙin ido, yana nuna tun hatsi bai fitar da kai ba, shi ke riƙe mu a watan da rumbu ya ƙare. Inna ta samo shi wurin kakarmu. Na tambaya ƙauyuka huɗu, duk wadda na taɓa ɗiba ma ta cinye nata bana. Abin da ke cikin goran nan shi ke nan a duniya, iyakar sanina. Kada ka buɗe. In ruwa ya sauka ka aiko mini, in shuka, in mayar ma da tiya biyu ladan ajiya.

Ka ce ma Safi na ce ta bar lalaci, ta tashi, kada yayana ya rame a ce mu ba mu iya zaɓen mata ba. Allah ya ba ta lafiya.

Ƙanwarka,
Hindu


Tasawa, 20 ga Janairu 1985

Hindu,

Ina gaisuwa. Takardarki ta same ni. Na karanta wa Safi wurin da kika zage ta, ta yi murmushi ta rufe baki da gyale, don ba ta son a ga haƙoranta yanzu.

Na buɗe goran. Gara ki ji daga gare ni.

Da farko gwaji na yi niyya. A lakwal ɗin noma an koya mana cewa irin da aka ajiye ana ɗibar kaɗan a tsirar, a ga ko yana da rai, kada a jira damina a shuka gawa. Abin da aka kore ni a kansa ke nan. Na fasa lakar, na ɗebi cikin tafi ɗaya, na sake liƙewa. Na samo gwangwanayen sardin biyu a juji bayan kanti, na huda gindinsu da ƙusa, na cika da rairayin tsakar gida da tsohon kashin awakin da muka sayar. Na jera waken kusa da kusa, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ruwa kuwa ba mu da na zubarwa, don haka a kansu nake alwala. Sau biyar a rana suna sha.

Duk da sanyi sun fito, kusan duka. Irin Inna yana da rai, wannan ki sani.

Ranar da ganyen farko ya buɗe, Safi ta fito shan hantsi, ta zauna kusa da su. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Malam, wannan kore ne?" Na ce kore ne. Ta miƙa hannu ta tsinki ɗaya ta sa a baki. Ban hana ta ba. Ta tsinki na biyu. Da azahar na sa reza na yanke gwangwanin duka, na ɗan turara, na sa gishiri da ɗigon man rabo. Bai cika ƙaramar tasa ba. Ta cinye, ta sa yatsa ta suɗe tasar. Rabonta da ta gama abin da aka sa mata tun kafin goran ya zo.

Yanzu gwangwanayen sun fi ashirin. Na sardin, na tumatir, na madara, har da wata tsohuwar langa da gindinta ya ɓule. Ina shuka wasu yau, wasu jibi, don kullum a samu na yanka. Tsiron da aka yanke ba ya sake fitowa, sai a juye ƙasar a zuba sabon iri. Matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga, wata ta ce Mushe ya samu gona a ƙarshe. Wasu sun fara tara gwangwani. Na gargaɗe su kada su tsirar da dawar rabo, tsiron dawa yana kashe saniya balle yaro.

Jinin dasashin ya ragu. Jiya bayan magariba ta tafi bayan gida ta dawo ba ta taɓa bango ba.

Na san abin da kika ce. Na san kowane tafi da na ɗiba layi ne guda a gayaunarki. Ina ɗiba ina sane, kuma ba na jin abin da ya kamata in ji. Na ga ya dace ki sani tun goran yana da nauyi.

Maharazu


Mayahi, ranar kasuwa

Yaya,

Alkasim ya ce a fara da gaisuwa. To, ina gaisuwa.

Na ba kura ajiyar nama! Ni da ɗiya ke kuka a gabana na ajiye muciya, kai da ka yi karatu har Yamai ka sa reza. Gwaji! Inna ta shekara nawa tana shuka waken nan, ka taɓa ganin ta gwada shi a gwangwanin kifi? Alkasim, rubuta, kada ka dube ni. Ka rubuta mishi cewa da ya karanta mini takardar na zauna a ƙasa cikin tasha, mutane na ratsa ni.

Na kwana biyu ban sa an ba ka amsa ba. Na tuna shekarar da na haifi Zara'u, jini ya ƙi tsayawa, Safi ta baro Tasawa ta zo ta yi wata biyu tana wanke mini zane. Ba zan ce a bar ta ba. Ga abin da na yanke. Ka juye goran a faifai ka raba biyu. Rabi na Safi, na ba ta, ba kai na ba ba. Rabi ka mayar cikin toka ka liƙe, kuma in hannunka ya sake kai wa can, Allah ya isa tsakanina da kai har gaban Inna.

Sannan ga wata magana, ko ka so ko ka ƙi. An ce gwamnati ta sa a yi noman rani ko'ina, an yashe rijiyar Kona, Dauda ne shugaban masu garka, har kabeji da salati sun fito. Kai kana tsakar gida kana alwala a kan gwangwani, ƙanenka na da ruwa. Ka je ka ce ya ba ka fangali ɗaya a garkar. Ka shuka waken a ƙasa ta gaskiya ya yi 'ya'ya, ya mayar da abin da aka ci. Ba kyauta za ka roƙa ba, garkar ubanka ce. Mi zai ragu a jikinka in ka ce salamu alaikum? Gemunka zai zube?

Ka gai da Safi. Ka ce mata ta ci da kyau, tunda abin da take ci ya fi naman sa tsada.

Hindu


Kona, 3 ga Maris 1985

Zuwa ga babban yayana Malam Maharazu,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan alheri gare ka da iyali. Ni ne ƙanenka Dauda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a lakwal kamar kai ba.

Hindu ta aiko mini da saƙo. Ranar kasuwa na zo gidanka, aka ce ka fita, na jira har la'asar. Yaya Safi ta nuna mini aikinka. Wallahi Yaya ban taɓa ganin irinsa ba. Mu da rijiya rabin abin da muka shuka ya ƙone, kai da ruwan alwala ka mayar da tsakar gida kore. Na ce a raina, mutum irin wannan aka zaunar a gida.

Ga kabeji huɗu da salati na bar wa Yaya Safi, kuma duk kasuwa zan aiko. Na ware fangali biyu mafi kusa da bakin rijiya, na zuba taki, ban shuka komai ba. Naka ne. Ko ka zo da kanka, ko ka ba Mai Nasara waken ya kawo, ni zan yi ban ruwa.

Maganar rabo, ina yaro aka yi ta, ba a tambaye ni ba. Amma na ci amfaninta, ban musa ba. Ina neman hanyar da zan gyara, in Allah ya yarda za ka gani.

Ƙanenka mai biyayya,
Dauda


Tasawa, 24 ga Maris 1985

Hindu,

Gaisuwa. Ban amsa miki da wuri ba don ban sami abin faɗa mai daɗi ba.

Na raba kamar yadda kika ce. Rabin Safi ya ƙare farkon Fabrairu. Na tsaya. Na kife gwangwanayen a gindin katanga. Kafin mako ya zagayo ta daina cin tuwo, matashinta ya koma yin jini da safe, haƙori ɗaya ya fita tana shan kunu, ta ajiye shi a gefen tabarma. Na fasa lakar. Allah ya isan da kika yi ta same ni, na karɓa.

Kabejin Dauda ya zo bayan nan. Da ya zo da wata guda kafin haka, da rabinki yana nan. Safi tana ci, yana yi mata amfani, yanzu ba ta buƙatar tsiron. Ni ban ci ba. Ranar da Dauda ya zo ina masallacin kasuwa, na san yana gidan, na zauna har na tabbata ya tafi.

Abin da ya rage a goran bai cika tafi ba. Ban yanka shi ba. Na samo manyan gwangwanayen man rabo goma sha biyu, na yanke musu baki, na sa ƙasa mai kyau daga gindin gawo, na shuka uku uku. Waɗannan na iri ne. Tun ƙarshen Fabrairu suke, yanzu sun yi yaɗo, na kafa musu kara. Da hantsi ina fitar da su, rana ta take in janye su ƙarƙashin rumfa. Na ƙara da sayen garwar ruwa ɗaya kullum dominsu. In sun yi yadda na lissafa, za ki samu abin da zai shuka rabin gayaunarki, baɗi kuma ki cika goran. Wannan aikin na iya shi. Shi kaɗai na iya.

Fangalin Dauda ba na so. Ya rubuto wai naka ne. Mutum ya ba ka fangali biyu cikin garkar ubanka, ya ce naka ne, kuma a jira ka yi godiya. A gwangwani aƙalla na san ƙasar tawa ce, ni na ɗebo ta da hannuna. Kada ki sake sa baki a wannan.

Safi tana gaishe ki. Ta ce in faɗa miki ta ji kuɗin naman sa, za ta biya ki da tsohon zanenta.

Maharazu


Tasawa, 21 ga Afrilu 1985

Hindu,

Ina gaisuwa. Wannan takarda hannu da hannu za ta zo, ba ta gidan waya ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kin san zamanin.

Waken ya yi fure farkon watan nan. Fari da ɗan shuɗi, kamar yadda kika san shi. Furen ya fara zuba, 'ya'ya suka fito sirara kamar allura. Safi takan ƙirga su da safe ta ɓata lissafi ta sake.

Ran goma sha biyu ga wata kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya ƙofar gidana. Soja biyu, da wani ɗan birro, ma'aikacin ofis, mai riƙe da takarda, da Dauda a bayansu yana murmushi, ya sa babbar riga. Ɗan birron ya ce wani babba zai zo daga Yamai duba noman rani, an ji labarin aikina, ana so a nuna masa. Dauda ya matso ya ce, "Yaya, ni na kai maganarka. Na ce musu ga wanda aka kora, ku zo ku ga abin da yake yi da gwangwani. In babban ya gani, wallahi za a mayar da kai aiki."

Na ce, "Ba na nuni ba ne, iri ne."

Ɗan birron ya ce, "Kwana ɗaya ne, Mushe. Gobe da yamma suna gidanka."

Na ce su ɗauki ƙananan, zan shuka musu dawa a ciki ta yi kore shar. Sojan ɗaya ya yi dariya ya ce, "Baba, babban mutum za a nuna wa gwangwanin sardin? Waɗannan masu furen dai." Ya riga ya ɗaga biyu. Safi ta fito ta riƙe ƙofar ɗaki tana kallo. Dauda ya daina murmushi, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ko a bar masa rabi?" Ba wanda ya juya. Shi ma da hannunsa ya ɗauki na ƙarshe, don kada soja ya karya karan.

Akwai wani fili a bakin babbar hanya da aka kewaye da waya tun sanyi, aka kafa allo, aka fara rijiya ba a kai ruwa ba. Can suka kai su. Suka haƙa rami suka binne kowane gwangwani har baki, don a ga kamar a ƙasa waken ya fito. Suka sare kabejin Dauda da na mutanensa suka jera a kan rairayi layi layi. Daga hanya kyakkyawar garka ce. Na yi shekara goma sha tara ina aikin gona, ban taɓa ganin mai kyanta ba.

Babban bai zo washegari ba. Aka ce gobe. Aka sa soja a ƙofa, aka ce kada kowa ya shiga ya ɓata layin da aka share. Na ɗauko garwa a ka tun daga gida. Sojan yaro ne, ba zai wuce sa'an Zara'u ba. Ya ce, "Baba, oda ce." Na ce ruwa kawai zan zuba in fito, in ya so ya share sawuna. Ya ce in an ga sawu shi za a ɗaure. Na ce to shi ya zuba. Ya ce an ce kowa, shi ma kowa ne. Na zagaya baya na watsa ruwan ta saman waya. Bai kai ba.

Kin san ranar Afrilu, kin san kuma abin da ƙarfe yake yi cikin rairayi mai zafi. Na koma da safe, na koma da yamma. Dauda ma ya zo da tasa garwar, muka tsaya a bakin waya, shi can ni nan. Ya je birro sau biyu, aka ce mai sa hannu ya tafi tarbo baƙi. Rana ta biyu ganyen ya sunkuya. Ta uku ya naɗe.

Babban ya wuce rana ta huɗu, da motoci bakwai. Sun rage gudu. An ce ya ɗaga hannu.

Da yamma aka buɗe ƙofa, awaki suka riga ni shiga, suka tafi wajen kabeji. Na tono gwangwanayen. Ƙasar ciki da zafi kamar tokar murhu, saiwar ta dahu. Na tsinke 'ya'yan duka na kawo gida, na ɓare su ɗaya ɗaya a faifai. Babu wanda ya kai ga yin ƙwaya.

Dauda ya biyo ni har ƙofa yana kuka, babban mutum da gemu. Yana cewa, "Yaya, gyara na so in yi." Na ce na sani. Na ce ya shiga ya sha ruwa. Ban ji haushinsa ba, na nema ban samu ba. Da na kai su fangalinsa tun Maris, da babu kamiyon da zai iya ɗaukar su. Wannan ma na sani, ba sai kin faɗa ba.

Maharazu


Mayahi, kashegarin salla

Yaya,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Alkasim na gaishe ka.

Wata biyu ban sa an rubuta ma ba. Ba ni da zagin da ya kai, shi ya sa.

Ruwa ya sauka daren jiya, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Kowa ya fita da sungumi. An raba mana hatsin shuka, da wani jan wake da ba mu san sunansa ba, an ce sai bayan hatsi yake nuna. Na shuka shi, mi zan yi. Isufu bai dawo ba. Dauda ya aiko da buhun albasa, ban san mi yake so in ce ba.

Abu ɗaya nike roƙo. Inna kan ce gora ba ya ƙarewa ƙaf, kullum akwai wadda ta maƙale a wuya ko ta ɓuya cikin toka. Ka juye shi, ka tankaɗe tokar da rariya mai ƙananan ido, ka sa tsinke ka sosa cikin wuyan. Ko ƙwaya uku ne ka ƙulle a tsumma ka ba Mai Nasara. Ƙasa na da laima kwana biyu nan gaba. Na bar wuri a bakin gayauna, wajen da Inna ke fara shukawa.

Yaya jikin Safi?

Hindu


Tasawa, 23 ga Yuni 1985

Hindu,

Barka da salla. Nan ma an yi ruwa.

Safi ta warke. Jiya ta je rijiya da ƙafarta ta dawo da tulu a ka. Haƙora uku ta rasa.

Na juye goran. Na tankaɗe tokar sau uku, Safi ta sake tankaɗewa da hannunta. Na sosa wuyan da tsinke, na haska ciki da madubi.

Ga goran nan wurin Mai Nasara, da tokar a ciki. Ki shuka wani abu a wurin da kika bari.

Waken Inna ya ƙare. Babu ko ƙwaya ɗaya.

Yayanki,
Maharazu